Ɗigon Lalle da Ya Ƙi Hawa Layi

Ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin na safiyar wata Talata abin ya fara lalacewa. Na san lokacin daidai domin na rubuta shi a gefen littafin aikina, kamar yadda nake rubuta komai. Watana bakwai ke nan a Kuala Lumpur. Ina zaune gaban kwamfuta a ɗakin gwaje-gwajenmu na hawa na huɗu, na shigar da sakamakon sinadari na ashirin da biyar, sai ɗigonsa ya faɗo can ƙasa, nesa da layin da sauran ashirin da huɗun suka jeru a kai.

Bari in faɗi aikin a taƙaice, don ko Innata sai da na yi mata bayani sau uku. In ka zuba ruwa da mai a kwalba ɗaya ba sa haɗuwa, man yana sama, ruwan yana ƙasa. In ka jefa wani sinadari a ciki ka girgiza, sai ya rabu gida biyu, wani kaso ya zauna a ruwa, wani ya hau cikin mai. Man da muke amfani da shi sunansa oktanol. Masu haɗa magunguna suna buƙatar sanin wannan rabo, domin shi ke nuna ko magani zai ratsa fata ko ruwa zai wanke shi. Aikina shi ne in faɗi rabon tun ba a girgiza kwalbar ba. Kowane sinadari yana da halaye biyar da ake ba lamba, kamar girmansa da yadda yake kama maƙwabcinsa da yadda yake yarda a kama shi. Ruwa da mai kuma kowanne da irin halin da yake so. Ka ninka, ka tara, lissafi ya ba ka amsa. Sai ka tashi ka auna da hannunka. In lissafi da awo sun yarda da juna, ɗigon ya hau miƙaƙƙen layi.

Ashirin da huɗun farko sanannun sinadarai ne, na auna su ne don a ga hannuna. Na ashirin da biyar shi ne nawa: sinadarin da ke sa lalle ya kama fata ya yi ja. Daga Malumfashi na taho da garin lallen, na bishiyar bayan ɗakin Inna, ita ta daka shi da hannunta. A kansa na rubuta takardar neman karatu, a kansa kwalejin da nake koyarwa ta sake ni, a kansa aka ba ni tallafi. Sharaɗin kuwa a bayyane yake. In shekarar farko ta cika, sai Farfesa mai duba aikina ya sa hannu a rahoton ci gaba. In bai sa ba, tallafi ya tsaya, in tattara in koma gida.

Lissafi ya ce abin da zai hau mai ya kamata ya ninka na ruwa sau ashirin da wani abu. Awo ya ce kusan rabi ya ƙi tashi daga ruwa. Ina kallon kwalbar, ruwan ƙasa ya yi launin ruwan lemo, kyakkyawa da shi. Na rubuta a littafi: “Wataƙila hannuna ne. A sake.”

A unguwar Wangsa Maju nake zaune, hawa na sha shida. Ɗakin da dillali ya turo mini hotonsa tun ina gida yana da taga da teburin karatu. Wanda na tarar yankin falo ne da aka raba da katako, ba taga, fankar sama kuma rabinta a wajena rabinta a wajen maƙwabciyata. Da na kira shi ya ce, “Ai shi ne, Malama, hasken kyamara ne kawai.” Na ce to, na kashe wayar. Haka nake tun ina ƙarama. Magana takan zo mini har bakina ta koma, sai bayan kwana biyu in tuna abin da ya kamata in faɗa.

Maƙwabciyar tawa Rifkatu ce, ’yar Pankshin, tana karatun aikin jinya. Ranar da na iso ta leƙo ta saman katangar katakon ta ce, “Ke ma ya nuna miki taga? Sannu da zuwa ƙungiya.” Ita ta koya mini hawa LRT, jirgin ƙasan cikin gari, ta koya mini cewa “tapau” in ina so a ƙunshe mini abinci in tafi da shi, da “boleh” in ina nufin zai yiwu. Ita ta raɗa mini suna Hajiya Kimiyya. Ran Lahadi in ta dawo daga coci takan dafa gwate ta turo mini ta ƙarƙashin labule, ko na ce na ƙoshi.

Na sake awon. Na sake. Cikin wata ɗaya na yi shi sau goma sha ɗaya, kuma abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ɗigon ba ya tsayawa wuri ɗaya. Yau yana nan, jibi ya ƙara gangarawa. Na fara zargin tsabtar sinadarin, na tace shi sau uku har ya fito ƙanƙara-ƙanƙara, rawaya fes. Bai gyaru ba. Na sa aka sayo wanda kamfani ya tace, ya yi abin da na Inna ya yi. Na zargi sanyin ɗaki, na sa kwalaben cikin ruwa mai daidaitaccen ɗumi. Na zargi ruwan da nake amfani da shi, na daina ɗiba daga jarkar da kowa ke ɗiba, na koma tatar nawa sabo kowace safiya. Littattafai sun ce awo ya fi inganci in sinadarin kaɗan ne, sai na riƙa rage shi. Ga abin da na lura da shi, na kuma rubuta: duk ranar da na ƙara tsabta, na rage sinadari, ɗigon sai ya ƙara nisa da layi. Na rubuta, amma ban gane abin da yake faɗa mini ba.

Ban tambayi kowa ba. A lab ɗinmu, wato ɗakin gwaje-gwajen, mu goma sha biyu ne, yawancinsu ’yan ƙasa, mutanen kirki, amma suna magana da sauri suna dariya, ni kuwa ina lungu da littafina. Akwai Kak Zaitun, wato Yaya Zaitun a harshensu, dattijuwar da ke kula da kayan aiki, ta shekara kusan talatin a wurin. Kowace safiya na gaishe ta, ta amsa, shi ke nan. Farfesa kuma ɗalibansa sun yi masa yawa, sau ɗaya a wata muke ganinsa, minti goma-goma. A gidanmu ba a zuwa gaban malami da aikin da ya lalace. Sai ka gyara tukuna, sannan ka kai. Don haka duk wata sai in ce masa ana kan aiki.

A wata na goma ya buɗe jadawalina ya daɗe yana kallo. Ya ce, “Nafisa, ashirin da huɗun nan kowa zai iya. Ina naki?” Na nuna masa ɗigo ɗaya kawai daga cikin masu yawa, ban gaya masa suna yawo ba. Ya cire tabarau ya ce, “Saura mako bakwai. Ko ya hau layi, ko ki gaya mini dalilin da ya hana shi hawa. In babu ɗaya daga ciki, ba zan sa hannu ba. Ba mugunta ba ce.” Na ce na gode, na fito.

Ran Asabar na kira gida. Ni ce ’yar fari, Inna ba ta kama sunana.

“Ke wannan, muryarki ta yi ƙasa. Ba kya cin abinci?”

“Ina ci, Inna. Lallen ne ya ƙi.”

“Lallena? Ya ƙi kamawa?”

“Ba a hannu ba, a kwalba.”

“To kin matsa masa lemun tsami?”

Na yi dariya, karon farko cikin makonni. “Inna, wannan aikin kimiyya ne. Ba a sa masa komai. Ruwan ma sai an tace shi sau biyu.”

“To, ku ne masu ilimi,” in ji ta. “Ni dai tun da nake ban taɓa kwaɓa lalle da ruwa zalla ba.”

Daga nan ta shiga ba ni labarin akuyar da ta haihu da wanda ya yi aure a unguwa. Ina jin ƙarar turmi a bayanta. Da muka gama na kifa fuskata a filo don kada Rifkatu ta ji.

Ta ji. Washegari ta ce akwai wani ɗan Arewa da ke taimakon ɗalibai da lissafi, ita dai ba ta san irin taimakon ba. Sunansa Sagir, amma kowa Dakta yake ce masa, ko da yake ban taɓa jin wanda ya ga takardarsa ba. Mun haɗu da shi a wani mamak, irin shagon abincin nan na Indiyawa Musulmi, kusa da tashar jirgi. Ya zo da babbar riga da agogo mai ƙyalli, ya sa aka kawo shayi uku.

“Malama Nafisa, kwantar da hankalinki,” in ji shi bayan ya duba kwamfutata. “Wannan ai ƙaramin abu ne. Ɗigo nawa ne?”

“Talatin da huɗu.”

“Talatin da huɗu! Ke kam kin wahalar da kanki. Mutum nawa na fitar daga irin wannan? Data ai kamar yaro ne, sai an ɗan tsawata masa.”

“Malam, ban gane ba.”

“Za mu bar uku, mu ɗan ɗaga su. Wa zai je ya girgiza kwalba ya duba? Farfesan naki? Yana da lokaci?”

Rifkatu ta ajiye kofinta. “Dakta, ni na ɗauka koya mata za ka yi.”

“Sista, ai koyarwar ke nan. Ana koyon kimiyya, ana koyon zaman duniya.”

Kafin shayinmu ya huce ya gama. Ya juyo mini da kwamfutar. Sinadarai ashirin da biyar duka a kan layi ɗaya, kamar an ja su da zare. Ba zan yi ƙarya ba, zuciyata ta yi sanyi da na gani. Wata uku nake mafarkin wannan hoton. Ya ce in tafi da shi in yi tunani, na farko kyauta ne.

Na buga shi a takarda. Ranar Laraba, maimakon in wuce lab, na hau bas zuwa tafkin Titiwangsa na zauna a benci. Tsofaffi suna motsa jiki, dogayen benayen gari suna tsaye a cikin ruwan. A cinyata ga takardar Sagir, ga littafina. Na buɗe littafin ina bin awon ɗaya bayan ɗaya, kowanne da ranarsa da sa’arsa da nauyin abin da na zuba. Na tuna yadda nake rage wa ɗalibaina maki a kwaleji in suka rubuta amsar da ke littafi maimakon wadda suka gani a bututu. Na tuna kuma in na koma ba takarda, waɗannan ɗaliban za su gan ni a aji, Inna kuma za ta ce ba komai, wanda ya fi faɗa ciwo. Na daɗe. Daga ƙarshe na yayyaga takardar ƙanana-ƙanana na zuba a kwandon shara, na goge fayil ɗin, na shiga inda ake ajiye gogaggun fayiloli na sake goge shi, don na san kaina. In zan koma gida, in koma da talatin da huɗuna.

Na ƙara bakwai a makonnin da suka biyo baya. Arba’in da ɗaya. Babu wanda ya hau.

Saura kwana takwas, Rifkatu ta janye labulena ta ce, “Hajiya Kimiyya, abeg tashi. In za a kore ki, a kore ki da ƙoshi.” Ta ja ni zuwa Kampung Baru da la’asar, unguwar Malayawa mai gidajen katako a tsakiyar benaye, inda hayaƙin gasasshen kifi ke cika titi. Muna layin shinkafar kwakwa aka taɓa kafaɗata. Kak Zaitun ce, ba farar rigar lab, da jikarta a hannu. Ashe nan ne gidansu. Ta ce ba za mu ci a tsaye ba, ta kai mu barandarta, ta kawo shayi da wasu ƙananan waina masu launin kore. Da ta miƙo mini kofi na ga yatsunta jajaye har gaɓa ta farko.

“Inai,” in ji ta da ta ga ina kallo. “An yi bikin ’yar ƙanwata. Ku ma kuna yi?”

Na ce muna yi, lalle muke ce masa. Ta maimaita kalmar sau biyu tana dariya. Na so in ce mata shi ne abin da ke cikin kwalabena. Maganar ta zo bakina ta koma. A jirgi Rifkatu ta ce, “Ke dai Allah ya shirye ki. Matar nan ta ba ki shayi a gidanta, cizon ki za ta yi in kin tambaye ta?”

Ranar Juma’a, saura kwana uku, lab ya watse da rana kamar kullum, maza sun tafi masallaci, sauran sun tafi cin abinci, hutun Juma’a a can yana da tsawo. Kak Zaitun tana ƙaramin ofishinta da ƙunshin taliyarta. Na ɗauki kwalba ta arba’in da ɗaya. Na je ƙofar na dawo. Na sake zuwa. A karo na uku na ƙwanƙwasa kafin in sami damar fasawa.

“Kak, don Allah ina da tambaya.”

Ta ɗago. “Shekara guda. Na ɗauka gaisuwa kawai kika iya. Shigo mana.”

Na faɗa mata komai. Ta karɓi kwalbar ta ɗaga ta wajen haske.

“Mene ne a ciki?”

“Sinadarin inai.”

“Inai! Wannan lambar da kike liƙawa a jiki, L-ɗaya, wa zai san inai ne? Da wane ruwa?”

“Tataccen ruwa, Kak. Sabo. Ban sa masa komai ba.”

“Ba ki sa masa komai ba,” ta maimaita. Ta leƙa waje ta tabbatar ba kowa. Sai ta buɗe ƙunshin abincinta ta ɗauko rabin ɗan ƙaramin lemun tsamin da ake sakawa a gefen taliya. Wannan matar da ke korar ɗalibi in ya shigo lab da alewa a baki, ita ce ta buɗe kwalbata ta matsa lemun a ciki. Na kusa yin ihu. Ta rufe, ta girgiza, ta ajiye a tebur.

Muka zuba ido. Da ruwa da mai suka rabu, launin ruwan lemon nan da na kalla wata biyar ya dushe, ruwan ƙasa ya koma kusan fari. Man sama kuma ya yi rawaya.

“Lissafinki na cikakken sinadari ne,” in ji ta tana goge yatsu. “Shi kuwa wannan yana da tsami a jikinsa, ko da siffarsa a takarda ba ta nuna ba. In ya shiga ruwa zalla sai ya saki wani ɗan ɓangarensa ya ɗauki caji, abin da ke da caji kuma ba ya son mai. Launin nan da kike gani shi ne alamar. In kin rage shi, ya ƙara saki. Ki sa wa ruwan tsami, sai ya riƙe abinsa ya hau mai. Kakata ba ta san caji ba, amma ba ta taɓa daka inai babu lemo ba. Ku a ƙasarku ba a sawa?”

Na zauna a kujerar da ke kusa. Na ga kuskurena sarai. Na kalli zanen sinadarin a littafi, na ga ya yi kama da dangin da ba sa sakin komai sai ruwa ya yi kanwa sosai, na sa shi a cikinsu ban bincika ba. Na ce, “Ana sawa, Kak. Mahaifiyata ta faɗa mini. Dariya na yi mata.”

“To ki kira ta ki ba ta haƙuri. Amma tukuna ɗauko asid na gaske, kada ki rubuta lemun taliya a rahoto.”

Na ɗiga wa ruwan asid har ya yi tsamin da ake so, na auna a ranar. Na dawo Asabar na sake sau biyu. Duka ukun suka hau layi, kusa da juna har suna taɓa juna. Ran Lahadi na kira Inna. Ta saurare ni har ƙarshe ta ce, “To madalla,” sannan na ji ta juya tana faɗa wa maƙwabciya da ƙarfi cewa Turawan can sai da suka koma ga maganarta.

Ranar Litinin ƙarfe tara na shiga ofishin Farfesa. Ban kai masa ukun kawai ba. Na kai arba’in da huɗu, da littafin gaba ɗaya, na faɗa masa kuskurena da bakina, na faɗa masa wadda ta nuna mini. Ya ja littafin gabansa yana buɗe shafi-shafi, yana bin nauyin da na rubuta da yatsa. Ya ɗauki fensir ya jera ɗigona arba’in da ɗaya bisa yawan sinadarin da na zuba a kowanne. Sai ga su sun bi wata lanƙwasa mai tsari. Ashe ba yawo suke yi ba.

“Kin san daga wannan za a iya fitar da ƙarfin tsaminsa?” ya ce bai ɗago ba. “Da kin zubar da su, da sai kin sake wata biyar.”

Rahoton yana gefen hannunsa, bai taɓa shi ba. Na ji maganar ta zo bakina tana shirin komawa. Na riƙe gefen kujera na ce, “Farfesa, in ci gaba?”

Ya jawo takardar ya sa hannu, ya miƙo mini.

“Ci gaba. Waɗannan arba’in da ɗayan su ne babinki na uku. Amma daga yau, in ɗigo ya gudu, sau uku kawai na yarda ki sake, na huɗu ki ƙwanƙwasa ƙofar wani. Kuma ki gaya wa Zaitun na san wanda ya shigo mini da lemun tsami lab.”